Shekarar da Galsan Raƙumi Ya Zauna a Benci

In ka bi ta ƙofar injin fulawar Baldan a nan Darhan da hantsi, za ka ga wani zabgegen mutum a ɗakin awo yana duba nauyin motocin alkama. Kansa na neman taɓa rufi, in zai miƙe kuwa sai ya ɗan jira ƙafar hagu ta yarda tukuna. Galsan ke nan. Yaran yanzu ba su san shi ba, wai "tsohon awo" suke ce masa, marasa kunyar banza. Ni da na ciyar da shi tun gemunsa bai fito ba, ba zan ji haka in yi shiru ba.

Sunana Tserma. Ni ke girki da wanki a Zangarniya, ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinmu, tun ranar da Baldan ya kafa ta da ribar fulawarsa. Masu horarwa sun zo sun tafi a gabana, wasu ko sunansu ban gama riƙewa ba aka sallame su. 'Yan wasa na ce mini Inna, tsofaffin cikinsu Yaya, kuma duk girman mutum in ya shigo mini kicin da takalmi mai taɓo zai sha ludayi.

Daga Zabhan Galsan ya zo, bayan hunturun nan da ya cinye wa mutane dabbobi. Ubansa ya shiga sanyi da garke, ya fito da 'yan awaki da ba su isa a yi musu makiyayi ba. Sai yaron ya shigo gari neman dako. Wata rana Baldan ya fito daga ofis ya tarar da shi yana miƙa buhunan fulawa saman babbar mota ba tsani, ba taka komai.

"Kai yaro, daga wane daji aka saro ka?"

"Daga Zabhan, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa buga ƙwallo?"

"Kiwo dai na sani."

Baldan ya kamo hannun rigarsa har kicin ɗina. Ya ce, "Tserma, ciyar da wannan, nawa ne." Na ɗora masa buz, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, wanda na yi wa mutum huɗu, ya share tas, ya ɗago yana kallon tukunya kamar maraya. Takalmin da zai shige shi babu a duk Darhan, sai da aka aika aka kawo ta jirgin ƙasa, kafin nan da safa yake atisaye yana zamewa. Wando kuwa biyu na farke na haɗa masa ɗaya. Babu ƙofar da bai gaisa da ita da goshi ba a zauren wasanmu, ga tafiya a hankali, ga wuya, cikin mako guda sunan Raƙumi ya bi shi. Bai taɓa jin haushin sunan ba.

Kada in yi muku ƙarya, Galsan bai iya jifa ba. In aka ba shi jifan kyauta, rabin zauren rufe ido suke yi, ni ma haka. Amma a ƙarƙashin kwando fa, hmm! Duk ƙwallon da ta daki allo ta dawo tasa ce, ko mutum uku ne suka rataye a wuyansa. Shi ke tsayawa ya tare hanya don gajerunmu su wuce su ci, su a tafa musu, shi ya kwashi gwiwar hannu a fuska. Hancin nan nasa da kuke gani a karkace ba haka aka haife shi da shi ba. Yakan shigo mini da auduga a hanci, jini har ƙirji, ya ce, "Yaya, akwai sauran shayi?" In na fara faɗa sai ya ce, "Ai mun ci." In ba mu ci ba kuma ya ce, "Ai saura kaɗan."

Da ya ga Dulma mai sayar da tikiti a tashar jirgi, ubansa ya riga ya rasu. Baldan ne ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki hadag, shuɗin silikin nan da ba a miƙa shi sai da hannu biyu, ya je wurin iyayenta ya nema masa ita. Daga ranar Galsan bai sake ce masa ranka ya daɗe ba, sai Baba. Dulma kuwa 'yar firit ce, in za ta yi masa faɗa sai ta hau matakala biyu don su haɗa ido, kuma tana yi.

Mun yi shekara guda mai daɗi, muka kai wasan kusa da na ƙarshe a Ulan Bator, Galsan na kyaftin. Har yau akwai hoton a shagon aski na bakin kasuwa. Daga nan abin ya fara zamewa. Yaranmu masu ƙafa manyan ƙungiyoyi suka kwashe, waɗanda suka rage suka tsufa tare. Kakar wasa uku a jere muna can ƙasan tebur, har mutane suka fara cewa Zangarniya ta zama dusa. Gwiwar Galsan ta hagu ta fara kumburi bayan kowane wasa, ni ke ɗebo masa ƙanƙara a bokiti daga bayan zaure. Likita ya ce a buɗe ta a sa ƙarfe, zai yi tafiya ba zafi, amma tsalle ya ƙare har abada. Galsan ya ce ya ji, sai ya gama tukuna.

Ya san ƙarshen ya zo, ba wawa ba ne. Wata rana da rani yana taya ni feraye dankali, ya ce mini wata 'yar ƙungiya a Zabhan, ta ƙaramar gasa, ta aiko masa. Ba su da komai sai zaure mai sanyi da yara masu son koyo, amma sun ce zai buga kowane wasa.

"Shekara ɗaya nake so, Yaya. In buga, in gaji, in fita da ƙafata ta layin nan kamar ɗan wasa. Daga nan su yanka gwiwar yadda suka ga dama."

"Ka faɗa wa Maigida?"

"In an buɗe kaka zan faɗa. Yanzu kansa ya ɗau zafi."

Kan Baldan kuwa ya ɗau zafi, don ya gaji da kunya. Ya ɗauko sabon mai horarwa daga Ulan Bator, Malam Yondon, siririn mutum mai tabarau da ba ya dariya sai da dalili. Ina cikin ofis ina zuba musu shayi aka yi maganar, ba laɓe na yi ba. Yondon ya ce gasa suna goma sha biyu take karɓa, ba ƙari. Yana son Amurkawa biyu dogaye, yana son jini sabo, yana son Orgil, wani ɗan gari mai gudu kamar an kunna masa wuta, wanda Galsan da kansa ya koya wa tsayuwa. Tsofaffi huɗu za su tafi. Ya kira uku, ya ɗan gyara tabarau, ya kira Galsan.

Baldan ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ukun na ji. Na huɗun ban ji ba."

"Ranka ya daɗe, ba ya iya komawa baya da gudu. Kafin ya juyo an ci mu."

"Mutumin da ya ba ni hancinsa da gwiwarsa, in ce masa ga hanya? Mutanen Darhan su ce Baldan ya shanye romo ya jefar da ƙashi?"

"To ba zan sa shi a wasan da ke kan gaba ba. Ku sani tun yanzu."

"Wa ya ce ka sa shi? Ya wahala ya isa. Ranar da muka yi musu nisa, muna gaba da maki ashirin, ka sa shi ya shiga a tafa masa. Amma wasan da aka riga aka lallasa mu, kada in ga ka tura mini shi ya kwashi kunyar wasu."

Yondon ya ce to Orgil fa, ba sauran gurbi. Baldan ya ce yaro ne, ya jira.

Ranar buɗe kaka zaure ya cika har taga. Kafin a jefa ƙwallo sama, Baldan ya taka tsakiyar fili cikin rigarsa ta bikin, hadag shimfiɗe a hannuwansa biyu, tasar azurfa cike da madara a kai. Ya kira Galsan. Ya faɗa ta lasifika cewa da asuba ya hau tudu, wurin tsibin duwatsun da muke kai sadaka, ya yi alkawari a can, yanzu kuma yana maimaitawa a gaban jama'a: muddin yana numfashi, ba za a sayar da Galsan ba, ba za a sallame shi ba, ba zai sa rigar kowa ba sai ta Zangarniya, kuma sunansa ba zai fita cikin goma sha biyu ba.

Zaure ya ɗauka. Mutane na buga ƙafa, Raƙumi, Raƙumi, ni kaina hawaye nake da bakin gyale. Galsan ya tsaya, hannuwansa a sake. Me zai yi? Dattijo ya miƙo maka hadag a gaban gari, dattijon da ya nema maka aure? Ya sunkuya ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓi madarar, aka rataya masa silikin a wuya.

Dulma na kusa da ni, ita kaɗai ce ba ta tafa ba. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Yaya, seter aka yi masa."

Duk wanda ya tashi a karkara ya san seter. Dokin da ya yi wa gida aiki, ko ya ceci mai shi, sai a ɗaura masa shuɗin ƙyalle a geza a bar wa dutse shi. Ba a hawansa, ba a sayarwa, ba a yankawa, sai dai ya tsufa ya mutu don kansa. Girmamawa ce, babu wadda ta fi ta. Ubana ya yi wa wani jan dokinsa, kuma na tuna kullum da safe in ana ɗaura wa sauran sirdi, sai ya zo ya tsaya a gefe yana jira a zo kansa. Na ce wa Dulma ta rufe mini baki, ranar murna ce.

Aka shiga kaka. Amurkawan nan biyu sun iya, ba laifi, ko da yake ɗayan ya kurɓi shayinmu mai gishiri ya zaci mugunta na yi masa. Da su muka daina shan kashi irin na da. Sai dai ba mu da mai kawo musu ƙwallo da sauri, wanda ke riƙe wurin ya kusa sa'ar Galsan, ga shi da asma. Sai wasa ya tafi kunnen doki, a zangon ƙarshe a tsere mana. In mun ci, da maki biyu ne ko uku, da kyar da jiɓin goshi. A irin wannan Yondon ba zai sa Galsan ba, kuma ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan. Ranar da wata ƙungiyar Ulan Bator ta yi mana kaca-kaca, Yondon ya ji tausayi ya juya zai kira shi, sai Baldan daga kujerarsa a bayan benci ya ɗaga sanda ya girgiza kai. Galsan ya riga ya ɗaga ɗuwawu, ya koma ya zauna.

Kowane wasa shi ke riga kowa zuwa. Ya naɗe gwiwa, ya ɗaure takalmi, ya yi ɗumin jiki da yara, ya zuge zif ɗin rigar sama har wuya, ya zauna a ƙarshen benci. Shi ke miƙa tawul. Shi ke tashi ya ba da hannu in an fito da wani. A atisaye kuwa Orgil na wulwula manya kamar ba gobe, ranar wasa ya zauna cikin 'yan kallo da rigar gida, yana cizon yatsa.

Mutane fa ba su da ta ido. Su ɗin nan da suka buga ƙafa a watan Nuwamba, kafin sabuwar shekara sun fara lissafi. Ka ji su a layin shiga: ga yaro na ruɓewa a waje, ga tsoho ya danne gurbi yana cin albashin zama. Wani ɗan iska mai jar hula, direban tasi ne, na san uwarsa, ya riƙa leƙowa ta kan benci yana ihu.

"Raƙumi! Ƙwai nawa ke ƙarƙashinka? Yaushe za a ƙyanƙyashe?"

Zaure ya kwashe da dariya. Na bar tiren da nake sayar da soyayyen nama a kai, na hau matakala uku-uku da tsufana, na ce masa, "Kai ɗan Tsend, lokacin da mutumin nan ke zubar da jini a filin nan kana fitsarin kwance! Sake faɗa in ji!" Sai da masu gadi suka riƙe ni. Galsan ko waiwayowa bai yi ba, amma na ga bayan wuyansa ya yi ja.

Bayan wasan na same shi a ɗakin canza kaya shi kaɗai. Na ce, "Ka je ka faɗa masa mana! Bakinka ciwo yake?"

"In ce me, Yaya? In ce Baba karɓi hadag ɗinka? Ya yi alkawari a kan tudu. In ya karya, duk abin da ya sami gidansa daga baya, ko akuya ce ta yi ɓari, za a ce ni ne. Shi ma haka zai ɗauka."

"To ka tafi Zabhan abinka, ba sallama."

Ya dube ni kamar na ce ya tsallake kan uwarsa. Na san ba zai yi ba, haushi ne ya sa na faɗa.

Duk da haka ya gwada, da Farin Wata, bikin sabuwar shekararmu ta gargajiya. Muka je gaisuwar shekara gidan Baldan, ni da shi da Dulma. A mota yana ta maimaita abin da zai faɗa, Dulma na gyara masa. Muka tarar da falo cike da baƙi, ga dafaffen gadon bayan tunkiya a kan tebur. Galsan ya durƙusa ya tallafi hannuwan tsohon, shi kuma ya sunsuni kumatunsa dama da hagu yadda dattawanmu ke gaisuwa, ya riƙe shi bai sake ba. Baldan ya juya ga baƙi.

"Kun ga wannan? 'Ya'yan cikina biyu suna Koriya, ko waya sai na roƙa. Wannan ne ɗana. Duk abin da na yi a duniya, alkawarin da na yi masa shi ne kaɗai nake kwana da shi da daɗi." Sannan ya ce, "Ɗana, akwai abin da kake so? Faɗi, yau ranar ce."

Dulma ta taka masa ƙafa, ina gani. Galsan ya buɗe baki, ya kalli hannun tsohon da ke karkarwa a kan nasa.

"Lafiyarku kawai, Baba."

A hanyar dawowa Dulma kuka take tana dukan kafaɗarsa, shi yana tuƙi. Ni dai taga nake kallo, don in na buɗe baki zan zagi wanda bai kamata ba. Baldan ba mugu ba ne, abin da ke ci mini rai ke nan. Da mugu ne da mun san yadda za mu yi da shi.

Bayan sati biyu tsohon ya sami 'yar shanyewar jiki. Ya tashi, amma bakinsa ya ɗan karkace, kuma yakan tambayi abu sau biyu. Daga nan maganar a je masa da wani zance ta mutu gaba ɗaya. Mu kuma muna tsakiyar tebur, saura 'yan wasanni, in muka ci yawancinsu za mu shiga zagayen manya karon farko cikin shekaru. Mai asman nan kuma ya fara zama a ƙasa tun kafin hutun rabin lokaci.

Wata safiya Galsan ya shigo kicin, ya ja kujera, bai nemi shayi ba. Ya ce, "Yaya, na yi ta juya abin. Sun ce zan shiga ranar da muka yi nisa da ashirin. Ba za mu yi nisa da ashirin ba sai da Orgil. Orgil kuma ba zai shiga ba sai na tashi."

"To?"

"To ranar tana nan zuwa. Ba tawa ba ce kawai."

Sai ya faɗa mini abin da ya yanke. A dokar gasa, in likita ya tabbatar ɗan wasa ba zai ƙara bugawa a kakar ba, ana iya sa wani a gurbinsa, shi kuma yana nan ɗan ƙungiya, sunansa na nan, ba a sallame shi ba. Alkawarin Baba bai karye ba ke nan. Ya riga ya kira likitan nan na Ulan Bator ya ce a sa masa rana.

Na ce, "Kana hauka? In aka sa ƙarfen shi ke nan fa! Ko Zabhan ɗin, ko baɗi, babu!"

"Na sani."

"Ka yi ƙarya mana! Ka ce ta kumbura, a rubuta maka takarda, ka huta wata biyu!"

"Likitan gasa ke dubawa, Yaya. Kuma baɗi ma benci ne. Alkawarin ba na shekara ɗaya ba ne."

Na ɗaga ludayi kamar zan kwaɗa masa, hannuna ya ƙi. Na zauna a kan buhun dankali na yi kuka sosai, shi ke ba ni haƙuri, ka ji abin haushi. Shekara ɗaya mutumin nan ya roƙa. Ba kuɗi ba, ba gida ba.

Ya je ya gaya wa Baldan gwiwa ta matsa. Tsohon ya ji daɗi ma, ya ce ai tuntuni yake so ya huta, ya biya komai, ya ba da motarsa ta kai shi. Yondon ya raka shi har bakin mota, ya cire tabarau yana gogewa, ya ce, "Kyaftin." Galsan ya ce, "Malam, ka riƙa ce wa yaron ya duba hagunsa, yana mantawa."

Orgil ya shiga, sai ka ce an buɗe wa ruwa hanya. Amurkawan nan da suke tsaye suna jiran ƙwallo suka fara samunta tun kafin su nema. Muka ci, muka sake ci. Masu bakin nan suka koma cewa ai dama sun faɗa. Da labarin abin da Galsan ya yi ya fita, ta bakina ya fita, ban ɓoye ba, wasu suka ji kunya, wasu ko a jikinsu.

Wasan ƙarshe na gida ya faɗo a farkon bazara, ƙanƙara ta fara narkewa, wanda ya ci shi ya wuce. Galsan ya zo a kan sandunan dogarawa biyu, ya rame, Dulma na riƙe da jakarsa. Ya sa rigar sama ta ƙungiya, ya zuge zif har wuya yadda ya saba. Yara suka matsa masa a ƙarshen benci, ya miƙe ƙafar a gaba, ya jingine sandunan a gefe. Baldan na bayansu a kujerarsa, an lulluɓe masa gwiwoyi da bargo. Ni na bar tirena wa wata, na tsaya a bakin ƙofar 'yan wasa.

Ban taɓa ganin Zangarniya ta buga irin na ranar ba. Komai suka jefa shiga yake. Kafin zangon ƙarshe mun ba su tazarar goma sha wani abu, suka kira hutu suka dawo, abin ya ƙara lalace musu. Orgil ya sace ƙwallo a tsakiya, ya tafi shi kaɗai ya zuba. Na ɗaga kai na kalli allo. Ashirin da biyu, saura 'yan mintoci.

Sai na ji sanda na dukan katako. Baldan ne ya miƙe, bargon ya zame ƙasa, fuskarsa na walƙiya kamar ta yaro.

"Yondon! Yanzu! Ashirin ta wuce, sa shi! Sa ɗana!"

Ya manta. Allah sarki, ya manta ƙat. Na kusa da shi suka ji, suka ɗauka ba tunani, Raƙumi, Raƙumi, kafin ka ce me zaure duka ya kama, ƙafafu na dukan ƙasa har fitilu na rawa. Yondon ya juyo, bakinsa a buɗe.

Galsan kuwa, ina kallonsa, hannunsa ya tafi wuya da kansa ya ja zif ɗin har ciki. Ya dafa benci ya yunƙura. Jikin da ya saba jin sunansa ya tashi, ina zai tsaya tambaya? Ƙafar ta ƙi. Ya koma daɓas, gwiwar hannunsa ta bugi sandunan, ɗaya ta faɗi ta zame a kan katakon nan mai santsi, ta tsallake layi, ta tafi har kusa da da'irar tsakiya.

Alƙali ya hura usur ya tsayar da wasa. Ihun ya mutu daga layin gaba zuwa na baya, har na ji kukan wani jariri a can sama. Ba wanda ya motsa. Sai Orgil ya ajiye ƙwallo, ya je ya ɗauki sandar da hannu biyu, ya kawo, ya kasa ɗaga ido.

Baldan na tsaye yana kallon sandar, yana kallon ƙafar da ke miƙe. Na ga lokacin da abin ya dawo masa, na ga kuma lokacin da ya wuce nan ya gane sauran. Da kyar ya ce, "Ɗana, kana so ka buga ne? Duk shekarar nan?"

Galsan ya karɓi sandar ya jingine. Ya mai da zif ɗinsa sama a hankali. Ya juya ya ɗauko bargon daga ƙasa ya miƙa wa tsohon.

"Ku zauna, Baba, za ku faɗi. Muna ci."

Sannan ya ɗaga wa alƙali hannu ya ce a ci gaba.